Rijiyar Kakana Ta Ƙafe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Malam Umaru daga Andarai.

Rijiyar gidanmu kakana ya haƙa ta, farkon mulkin Turawa. Fari anka yi lokacin, sai Maigari ya kafa doka, kada kowa ya haƙa rijiyar da ta fi ta maƙwabcinsa zurfi. Da ruwanta munka girma, da shi munka wanke gawar mahaifina.

Bara wani Alhaji ya sayi gonar bayan gidanmu, ya haƙa burtsatse uku don ban ruwan albasa. Watan jiya matata Hajo ta zura guga, ta jawo laka. Ta zauna tana kuka, ta ce, "Malam, tun ina amarya ban taɓa ganin ƙasan rijiyar nan ba."

Na kai kuka wurin Maigarinmu na yanzu game da Alhajin, na tuna masa tsohuwar dokar zurfin rijiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wannan doka ta mutu tare da masu ita. Ba ni da ikon hana shi."

Yanzu ni da furfurata nake tsayawa da jarka bakin gonar Alhajin, ina roƙon ruwa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Shin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa na mai kuɗin inji ne shi kaɗai?