Kwana Casa'in Sun Hana Ni Sunan Jikata

Salamu alaikum, Malam mai shiri. Alhaji Seidu ne daga Bawku.

Tun shekarar da aka kori baƙi daga Gana nake fatauci. In na bar Togo na shiga Burkina, sabon lissafin kwanakin zama ne. Bana na yi wata uku wajen ɗana a Italiya, na ce sai Jamus, 'yata ta kusa haihuwa. Ya ce, "Baba, kwana casa'in na bizarka na Italiya da Jamus duka ne, sun ƙare." Haba! Sun cire shinge tsakaninsu, amma suna ƙirga wa baƙo kwana? Na dawo gida, aka yi suna ba da ni ba.

Jama'a, wace biza ce ta dogon zama? Gobe da safe zan hau motar Akra, in zauna ƙofar ofishin jakadancin Jamus sai sun amsa mini.