Ƙungiyar Mushe Ilu ba ta korar kowa

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Tarka.

Ɗiyata Rabi tana lise, wato makarantar sakandare, a Belbeji, kuma tana son ƙwallon hannu kamar me. Amma a satin farko na komawa lakwal ake gwada yara a zaɓi 'yan wasa, mu kuwa lokacin muna tsakar girbin hatsi. Shekara biyu tana isa an riga an gama zaɓe.

Mushe Ilu, malamin wasanninsu, shi ya lura 'ya'yan manoma da makiyaya ne kullum ke rasawa. Sai ya buɗe ƙungiya ta biyu, babu gwaji. Rabi ta tambaye shi, "Mushe, me zan nuna maka?" Ya ce, "Fuskarki kawai, ran Laraba da la'asar."

Na je na gani da idona. Ba su iya sosai ba, gaskiya, amma da Rabi ta jefa ɗaya a raga, na rangaɗa guɗa har mutane suka waiwayo.

Mushe Ilu, Allah ya saka da alheri. Malaman Tanut da Gangara, me ya hana ku yin haka? Hatsinmu dai ba zai jira gwajinku ba.