Matan Kagarawal Sun Kife Turame

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Alhaji ne ke magana, babban ɗan kwangilar Gombe, mai Marsandi. A karanta a tsanake.

Ran Talata matan Kagarawal suka kife turame, suka ce ba daka, ba tuwo. Dalili kuwa, wani direban tifa ne ya doki matarsa Hauwa mai ƙosai har ya karya mata hannu. Suka saɓa taɓare, Fulani da Tangale da Waja, suka bi ta bakin kasuwa zuwa ƙofar mai unguwa. Wani mahauci na ta dariya, wata tsohuwa ta ce masa, "Dara, ɗana, naka turmin ma a kife yake."

Mai unguwa ya ce Hauwa ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Mata suka ce to maza su ci haƙurin da miya.

Masu sauraro, ta koma ko kada ta koma?

Gaskiya ba wani Alhaji, ko keke ba ni da shi. Garba ne mai faci, ƙanen Hauwa. Wasiƙar mai faci kan daɗe a kwando, ita kuwa Yaya amsa take jira.