Guzurin Hayaniya

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. A tashar mota na ga wata dattijuwa ta ɗaga waya sama, kusa da wani saurayi mai kaɗa jita.

"Mama, kira za ki yi? In dakata?"

"Kada ka kuskura! Hayaniyar gari nake ɗauka. Gobe zan tafi ƙauye, 'yata ta haihu. Can shiru ya yi yawa, ba na iya barci."

"Har da waƙata? Ni ban taɓa fita garin nan ba!"

"To, waƙarka za ta riga ka. Ɗaga murya, ɗana!"

"Jama'a, kowa ya amsa!"

Wayar ta fara juyowa wajena. Na rungume littafina, na sulale.