Garwashi Ɗaya a Tukunya

A wani shagon kayan girki a unguwar Harra ta Yamma, nan ƙasa mai tsarki, na ji su. Wani magidanci ne da wata dattijuwa, ba su san juna ba. Ya daɗe tsaye gaban murhunan gashi.

"Ɗana, saye za ka yi ko gadi?" in ji ta. "Ka tare hanya."

"Yi haƙuri, Hajiya. Mahaifina ne ba lafiya, ya daina cin abinci. Tsire kawai yake nema, gashin gawayi."

"To, sayi na gawayi mana."

"Mai gidan da muke haya ya hana. Hayaƙina ya taɓa ɓata wa maƙwabta fararen rigunan da suka shanya a saman bene. Ya ce in na sake, khalas, shi ke nan, mu tashi."

"Wancan mai cin 'yan dunƙulen garin itace fa?"

"Shi ma hayaƙi yake yi."

"To ɗauki na gas. In naman ya gasu, zuba shi a tukunya. Sa garwashi ɗaya a ƙaramin kwano a tsakiya, ɗiga masa mai, ka rufe, ƙamshin hayaƙin ya kama naman. Haka mutanen garin nan ke yi wa shinkafa."

"In yaudari tsohona ke nan?"

"Haka na yi wa maigidana har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa ganewa ba."

"Allah ya jiƙansa. Mece ce sana'arsa?"

"Mai tsire ne tun a Maraɗi."

"Mai tsire, Hajiya? Kuma bai gane ba?"

Ta daɗe tana gyara mayafinta.

"Cinyewa dai yake yi," ta ce. "Har ya ce a ƙaro."

Mutumin ya kira mai shago, ya nuna na gas.