Kwalekwalen Fanna

A tashar Babura, cikin motar Kazaure da ke jiran cika, wani dattijo mai suna Malam Kyari yana ta shafa ɗan kwalekwalen katako a cinyarsa. Matar da ke gefensa ta kasa yin shiru.

"Baba, wannan na sayarwa ne?"

"A'a, 'yata. Na jikata Fanna ne, tana Gwiwa. Da hannuna na sassaƙa."

"Yaran yanzu? Ai sai motar roba mai ƙara. Mu dai da kara muka yi wasanmu, 'yar tsanarmu kuma ƙashi ce, mu yi mata kitso."

"Mu can gabas, bakin tafki, uba ke sassaƙa wa ɗansa irin wannan tun bai iya tafiya ba. Ina yaro, da hantsi nakan saki nawa a ruwa, in bi shi da ido har ya shige ciyayi. Gani nake Makka zai kai."

"To ita a ina za ta sake shi? Gwiwa ai sai gonaki."

"A baho. In cika mata ruwa, in hura iska, in ce ga gidanmu, ga kasuwar kifi, ga inda kakarta take kwance."

Matar ta sassauta murya. "Kuna leƙawa can kuwa, Baba?"

"Babu kowa yanzu." Ya daɗe yana kallon cikin kwalekwalen, sannan ya nuna mata da yatsa. "Shi ya sa na yi masa wurin zaman mutum biyu, ni da Fanna, mu leƙa can ko da a baho ne."