Minti Goman da Nake Ƙara wa Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Malam babba, tsohon hedimasta, wanda ya buɗe mana wannan ajin bita a ɗakin taron unguwa, Allah ya saka da alheri. Malaman da ke taya shi, manyan baƙi na kujerun gaba waɗanda ban san muƙamansu ba amma ina ganin girmansu, iyaye maza, iyaye mata 'yan'uwana, da ku 'ya'yanmu arba'in da uku da za ku sake zama jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ran Asabar mai zuwa, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da zuwa. Wanda na tsallake ya yi haƙuri, yau na fara riƙe abin magana.

Na gode da aka ce in yi magana a madadin iyaye. Ni tela ce. Karatuna aji huɗu ne. Wannan ma a waya na rubuta shi, kamar yadda ya zo bakina, in kun ji ya karkace ku gyara da kanku.

Magana uku na zo da ita. Ta farko ita ce doguwa, don laifi na zo faɗa.

Autata tana cikinku, ga ta can layi na uku tana sunkuyar da kai. Sau biyu tana zama jarrabawar nan, sau biyu sunanta bai fito ba. Bana ne na ƙarshe, don baɗi shekarunta sun wuce iyakar da aka yanka. Ku riƙe wannan.

Da ta faɗi ta farko, ta ce mini, "Umma, ba sani ne ban yi ba, lokaci ne ya ci ni. Tambaya ɗari, minti sittin." Na ce ki sake faɗa. Ta sake. Ta lissafa mini, wai kowace tambaya sakan talatin da shida. Jama'a, sakan talatin da shida! Ni a wannan lokacin ko zare ban gama zura wa allura ba. A ce a cikinsa ɗan mutum zai karanta, ya gane, ya yi lissafi, ya zaɓa, ya wuce, har sau ɗari? Na riƙe baki. Har yau ban saki ba.

To, sai ta sauko da agogon bangon shagona ta ɗora mini a cinya. Ta ce in ina kallonsa gabana faɗuwa yake, ke ki riƙe. Kullum da hantsi in tsayar da keken ɗinki, ta zauna a teburin yanka ta ba ni baya, in ce fara. Awa na cika in ce ajiye biro. Aikina ke nan. Babansu har tsokanata yake, wai an ba ni muƙamin gwamnati kafin a ba 'yar.

Ranar farko awa ta cika. Na leƙa ta kafaɗarta, na ga takarda da saura. Na ga gumi a ƙeyarta, na ga yadda ta matse biron nan har yatsunta sun yi fari. Na ce a raina bari in ɗan ƙara mata minti biyu, wa ya gani? Biyu ta zama biyar, biyar ta zama goma. Sai da na ga ta kai ƙarshe na ce ajiye biro. Ta juyo tana haki ta ce, "Umma, na gama a kan lokaci?" Na ce kin gama, 'yar albarka. Da kun ga dariyar da ta yi! Saboda dariyar nan na sake washegari. Na sake jibi. Wata huɗu ina ƙara mata minti goma, ina ce wa kaina tausayi ne.

Ta shiga ta biyu da ƙarfin gwiwa. Can a kwamfuta ake yi, ba a takarda ba. Ni na raka ta. Ban taɓa ganin taron mutane irin na ranar ba, layi ya zagaye ginin ya dawo ya haɗe da wutsiyarsa, kowa da 'yar takardarsa a ƙirji, kowa ɗan wata ne. Na zauna gindin katanga ina jira. Ta fito ba ta ko ganina. Na riƙo hannunta, ta ce, "Umma, saura tambaya goma sha bakwai kwamfuta ta rufe."

Iyaye mata, ku ji ni da kyau. Kwamfuta ba ta da 'ya. Ba ta ganin gumin ƙeya. Lokaci na cika take ɗaukewa, ko kana tsakiyar kalma.

Abin da ya fi ci mini rai ba faɗuwar ba ce. Yarinyar nan kanta ta koma zargi. Tana cewa, "A gida ina gamawa, can na kasa. Ashe ni matsoraciya ce. Ashe kaina ne ba ya ja." Ta tattara littattafan ta cusa a kwali ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ta haƙura. Ni kuwa ina ji, na san gaskiya, na yi shiru. Wata uku. Ina taka keke ina ɗinka hannun riga a baibai. Wata mai kaya ta ce, "Umma, lafiya kuwa? Ko ni ce zan juya hannuna?"

Ran da aka sanar za a sake buɗewa, na kira ta shago na rufe ƙofa. Na ce Auta, kanki lafiya lau, uwarki ce ta cuce ki. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Na ɗauka za ta yi ihu, na ɗauka za ta fita ta bar ni, kuma da ta yi ba zan ga laifinta ba, shekara guda na cinye mata cikin 'yan shekarun da suka rage. Ta ɗaga kai ta kalli agogon nan a bango. Sai ta tashi ta taka kujera ta sauko da shi. Na ce shi ke nan, fasa shi za ta yi. Ta zo ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Wancan na yafe. Amma in kika sake ƙara mini ko sakan ɗaya, Umma, wannan ba zan yafe ba."

Wallahi na kalli yarinyar nan kamar ban taɓa ganinta ba. Ni na haife ta, ni na goya ta, ni na san ranar da ta fara haƙori, amma ban san daga ina ta samo wannan zuciyar ba. Ba a wurina ba dai. Kyautar Allah ce.

Washegari awa ta cika, saura tambaya ashirin da biyu. Na ce ajiye biro. Ta ce, "Umma, ɗaya kawai, na riga na fara." Na ce ajiye. Ta ajiye. Na shiga bayan labulen gwajin kaya na yi kukana, na share fuska, na fito muka duba amsa. Ashirin da biyu ta koma sha takwas. Sha takwas ta koma sha ɗaya. Akwai makon da ta sake hawa sha biyar muka yini ba ma magana. Amma ban ƙara ba. Ko sakan ɗaya.

Malam babba da ya ji labari, shi ne ya ce in zo in riƙe wa ajin gaba ɗaya agogo. Nan na samu sunan da kuke kirana a bayan ido, Umma Ajiye-Biro. Kar ku yi dariya, ina ji, kunnena ƙalau.

Magana ta biyu taku ce, 'ya'yana. Ina zaune nan gaba da agogona ina kallonku wata biyar, kuma ina so ku san abin da nake gani, don ku ba kwa ganin kanku. In na ce fara, shirun da ke sauka a ɗakin nan tsikar jikina yake tayarwa. Ga direban da ke ajiye mota ya shigo da ƙura a gira. Ga mai jego tana rubutu da dama tana jijjiga jariri da hagu. Ga mai gemun can da ya ce mini wannan ne zamansa na huɗu, kuma ya faɗa yana murmushi. An ce muku ba kwa ciki, a gaban dangi, a gaban maƙwabta, kuka wanke fuska kuka dawo kuka sake ɗaukar biro. Ni ban yi karatu ba, amma na san abin girmamawa in na gan shi. Ba duka za a ɗauka ba, kun sani na sani. Amma ba wanda zai shiga ɗakin nan da lokacin ƙarya. Abin da kuka ga kuna iyawa a gabana, shi kuke iyawa.

Ta uku gajera ce, ta iyaye. Ku ba su abinci, ku ɗauke musu aike, ku hana a dame su, ku yi musu addu'a. Amma kar ku yi musu irin tausayina.

Jiya muka yi gwajin ƙarshe a shago, ni da ita. Na ce fara. Ina kallon agogo, ina jin biro yana tafiya. Sai na ji ƙas, an ajiye shi a kan tebur. Ban ce ajiye ba tukuna. Na ɗauka faɗuwa ya yi. Ta juyo ta ce, "Na gama." Na duba takarda, ɗari cif. Na duba agogo, saura minti shida. Na kai shi kunne ko ya tsaya, yana tafiya. Ta ƙura mini ido ta ce, "Umma, tsakaninki da Allah?" Na juya mata fuskar agogon ta gani da idonta.

Ba mu san abin da za mu yi da minti shidan nan ba. Muka zauna muna kallon tsinken yana zagayawa, ni da 'yata, har ya cika. Sannan na ce ajiye biro, ga shi an daɗe da ajiyewa.

Ban san abin da Asabar za ta zo da shi ba. Na Allah ne. Amma wannan shidan nata ne, ba ni na ba ta ba.

Allah ya buɗe muku ƙwaƙwalwa, ya kwantar muku da gaba, ya sa wa mintocinku albarka. Allah ya sa masu dubawa su yi adalci. Wanda ya samu, Allah ya sa ya riƙe amanar jama'a. Wanda bai samu ba, Allah ya buɗe masa ƙofar da ta fi. Allah ya saka wa Malam babba, ya yafe mana mu iyaye, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, minti goma aka ba ni, na duba, sun cika. Ba zan ƙara ba.

Na gode.